Wace kyamarar fim zan saya wa ƙanena kyauta?

Yayar Ango

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar hoto ina neman shawararku. Ƙanena zai yi aure bayan Babbar Sallah, kuma ina so in yi masa kyautar da za ta zauna masa a rai, ba shadda ko turare ba, waɗannan zai samu daga wurin wasu. Mutum ne mai son ɗaukar hoto ƙwarai, yana da kyamarar dijital ta Canon, kuma ya daɗe yana cewa yana sha'awar irin ta da, mai fim, wadda sai an wanke ake ganin abin da aka ɗauka. A Kano yake zaune. Na leƙa intanet na ga Pentax K1000 da Canon AE-1 da wasu na Olympus, kowa yana yabon tasa, har kaina ya ɗaure. Wacce zan saya? Me zan duba don kada a sayar min da matacciya? Kuma shi fim ɗin har yanzu ana samunsa kuwa? Ba na so ya san ina shirin nan, shi ya sa ban tambaye shi ba.

Mai Gyaran Kyamara

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa alheri, ya bar zumunci.

Kusan duk waɗanda kika lissafa sun haura shekara talatin da ƙerawa, wasu sun doshi hamsin, don haka lafiyar wadda ke hannun mai sayarwa ta fi sunanta muhimmanci. Amma bari mu fara da sunan.

Iri biyu ne. Akwai masu aiki da sifirin da giya, kamar agogon da ake murɗawa, batirinsu na mitar haske ne kawai. Akwai kuma waɗanda in babu batir ko motsi ba sa yi. K1000 tana cikin na farko. An fara yin ta a 1976, ba a daina ba sai 1997, saurin labulenta (wanda ke buɗewa ya rufe don haske ya kai ga fim) daga daƙiƙa 1 zuwa 1/1000 na daƙiƙa, batir ɗaya take ci, LR44 ko SR44. Ki sani mitarta ba ta da makashi: murfin gilashi shi ne makashin, in ya bar ta a buɗe a kan tebur batirin zai tsiyaye. Nikon FM ta 1977 da FM2 ta 1982 su ma na sifirin ne, kuma FM2 tana kai wa 1/4000, abin da ke da amfani sosai a ranar Kano. In kuɗi ya isa, ita zan zaɓa.

AE-1 kuwa, ita ma ta 1976, ta batir ce, mai bolt 6, lambarsa 4LR44. Kyamara ce mai kyau, sai dai tana da ciwo biyu da aka san ta da su. In an danna ta aka ji wani ƙara mai kama da tarin kaza, man giyar madubin da ke cikin kyamarar ne ya bushe. Ana gyarawa, amma a cire kuɗin gyaran daga farashi. Na biyu, ƙofar batirinta roba ce, tana yawan karyewa. Olympus OM-1 ƙarama ce mai daɗin riƙo, amma an yi ta ne don batirin makuri mai bolt 1.35 wanda aka daina yi. In aka sa mata na yanzu mai 1.5 mitar za ta riƙa yin ƙarya, sai a nemi adafta ko batirin na'urar masu matsalar ji mai lamba 675, wanda shi kuma ba ya daɗewa. Ga mai farawa, wannan ƙarin ɗawainiya ce.

Yanzu dubawa. Ki tafi da sabon batir da tocilar waya, ko ki sa mai sayarwa ya yi waɗannan a bidiyo kina gani.

A ja kunnen naɗe fim sama, bayan kyamarar zai buɗe. Akwai siririn baƙin soso a cikin ramukan da ƙofar ke shiga da kuma wajen maƙalin ƙofar. A taɓa shi da tsinken sakace. In ya liƙe kamar kwalta ko ya zube kamar gari, ya mutu, kuma haske zai riƙa kutsawa yana barin jan zane ko ruwan lemo a gefen hotuna. Wannan ba dalilin fasa saye ba ne, domin gyaransa ya fi komai sauƙi: a kankare tsohon da tsinke da ɗan sifirit, a yanka sabo mai kaurin milimita 1 zuwa 2 a liƙa. Akwai irinsa a saman madubi, inda madubin ke buguwa in ya tashi, shi ma a duba. Abin da ba a yi shi ne taɓa labulen da yatsa. Na K1000 da AE-1 kyalle ne, na FM ƙarfe ne mai sirantaka kamar reza, dannawa ɗaya tana lanƙwasa shi.

Ƙofar tana buɗe, a cire gilashin, a fuskanci farin bango, a danna a kowane sauri. A daƙiƙa 1 ya buɗe ya rufe daidai da ƙirgen daƙiƙa. In ya tsaya yana jan ƙafa, mai ya daskare. A 1/1000 dole ido ya ga walƙiyar haske ta cika murabba'in duka. In gefe ɗaya ya yi duhu, labule na biyu yana cim ma na farko kafin su kai ƙarshe, kuma haka hotunan za su fito, rabi a baƙe.

Sai gilashi. A haska tocila ta baya a leƙa ta gaba, a ɗan karkace. Ƙura 'yar kaɗan ba komai, babu tsohon gilashin da ba ya da ita. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai kama da saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, kuma in ta daɗe tana cin fentin gilashin ta bar tabo ko an goge. Haka kuma hazo mai kama da tururi, yana sa hoto ya fito fari-fari ba armashi. A juya zoben ƙofar haske zuwa 16, a ture ɗan ƙarfen da ke bayan gilashin a saki: ganyayen ƙarfen su rufe tsaf, nan take. In suna sheƙi ko suna tafiyar hawainiya, mai ya malalo musu, hotuna za su riƙa ƙonewa da haske.

Mita kuma a gwada ta da rana tsaka. A sa ISO 200 (lambar da ke nuna yadda fim ke jin haske), sauri 1/250, a nuna abin da rana ke duka: ya kamata ta tsaya kusa da f/16, wato 16 a zoben ƙofar haske. In ta kauce da mataki ɗaya ana iya zama da ita. Ɗakin batir ma a leƙa, kore ko farin gishiri a ciki alama ce batir ya taɓa fashewa, kuma yakan bi waya ya ci ta can ciki.

Gilashi ɗaya ya isa kyauta: 50mm f/1.7 ko f/2 a Pentax, f/1.8 a Nikon da Canon. Kada a ruɗe ki da dogon gilashi mai zuƙowa na wancan zamanin don ya fi cika ido, yawancinsu duhu gare su da nauyi. Duk tallar da aka rubuta cewa ba a gwada ba, ki ɗauke ta a matsayin matacciya, sayen kifi a ruwa ne.

Ɗan Situdiyo

Bayanin Malam ya gamsar ta fannin dubawa, babu abin ƙarawa. Amma da izininsa ina da ja a kan zaɓin. Akwai kalma ɗaya a tambayar Hajiya da bai kamata a tsallake ba: ƙanen nata Canon yake riƙe da ita.

A 1987 Canon ta canza bakin da ake ɗaura gilashi, daga FD zuwa EF. AE-1 ta tsohon baki ce, don haka duk gilasan da yake da su yanzu babu wanda zai hau kanta, kuma nata ba zai hau tasa ba. Mutane da yawa suna sayen AE-1 da tunanin ai duk Canon ce, sai an kawo gida a ga ba haka ba. Amma kyamarorin fim na EOS, waɗanda aka yi daga 1987 zuwa farkon shekarun 2000, bakinsu ɗaya da na EOS ɗin dijital masu madubi. EOS 300 ta 1999 misali ce, ko EOS 30 ta 2000 wadda ta fi ta ƙarfin jiki. Ba su da farin jinin masu jikin ƙarfe, shi ya sa galibi sun fi araha nesa, alhali sun fi ƙuruciya da shekara ashirin, mitarsu ta fi daidai, suna saita hoto da kansu, suna ja da naɗe fim da kansu. Maɓallansu kuma kusan irin waɗanda hannunsa ya saba da su ne.

EOS 300 tana da wata dabara mai kyau ga sabon shiga. Da an sa fim an rufe, sai ta zare shi gaba ɗaya, sannan duk hoton da aka ɗauka ya koma cikin gwangwaninsa. In aka yi kuskuren buɗe ƙofa a tsakiya, waɗanda aka riga aka ɗauka sun tsira, sai na ƙarshe ko biyu. A K1000 kuskuren nan yana iya cinye hotunan ɗaurin aure sukutum.

Aibinsu shi ne roba ce, tagar leƙen EOS 300 ba ta kai ta tsofaffin haske ba, kuma in lantarkin ciki ya mutu ba a cika samun mai tayar da shi ba. Batirinsu ma ba na kowane shago ba ne: CR2 guda biyu a EOS 300, CR123A guda biyu a EOS 30. A haɗa masa da saiti biyu. A na farko-farko irin su EOS 650 a duba ganyayen labule, in akwai baƙin maiƙo a kansu wata roba ce ta narke a ciki, tana riƙe labulen, a bar ta.

To amma sai an san abin da yake nema. In burinsa ya ji ƙarfe a hannu, ya ja hannun fim da babban yatsa, ya saita komai da kansa, EOS ba za ta kashe masa ƙishirwa ba, zai ji kamar dijital ɗinsa ce aka cire wa allo. In kuwa launin fim da ƙwayarsa yake so, ita ce hanya mafi kusa.

Hajiya, ki samu dabara ki ga gilasansa. Ki duba alamar da ke jikin gindin kowanne, wajen da ake daidaitawa a ɗaura, ki faɗa mana launinta da siffarta, da lambobin da ke rubuce a gaba.

Yayar Ango

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa ƙaramarmu ta ɗauko min hotonsu a ɓoye. Guda biyu ne. Ɗaya an rubuta 18-55mm, yana da ɗan farin murabba'i. Ɗayan 50mm ne, 1:1.8, da jan ɗigo. Amma gaskiya duk lokacin da yake maganar nan, masu jikin azurfa da baƙi yake nunawa, har yana kwaikwayon yadda ake jan hannun. Ina ganin can ransa yake.

Ɗan Situdiyo

Mai farin murabba'in EF-S ne, na dijital kawai, ba ya hawa kan ta fim, kuma kada a matsa masa, gindinsa ya fi shiga ciki. Mai jan ɗigon EF ne, zai yi aiki a kan kowace EOS ta fim. Da gajeren jan layi kika gani maimakon ɗigo, da RF ne, shi ma ba ya hawa.

Tunda ransa na ga mai hannun ja, ki bi maganar Malam, ki bar EOS ya saya wa kansa daga baya, tunda yana da gilashinta. Abu ɗaya kawai: sunan K1000 ya sa kuɗinta ya yi sama. Pentax KM da MX bakinsu ɗaya da ita, su ma na sifirin ne, kuma suna da agogon ɗaukar kai wanda ita ba ta da shi. In kin ga ɗayansu da lafiya a ƙasa da kuɗinta, kada ki yi jinkiri. In kuma kin fi son sabuwa a kwali, akwai Pentax 17 da ta fito a 2024. Tana raba kowane gurbi biyu, fim mai 36 ya ba da hoto 72, sai dai gilashinta ba ya cirewa kuma nisa ƙiyasi ake yi, don haka ga mai son saita komai da hannu za ta yi masa kaɗan.

Baƙi da Fari

Sannunku da ƙoƙari. 'Yar'uwa, tambayarki ta uku ita ce ta fi damuna, domin a nan kyaututtuka irin wannan suke mutuwa a cikin durowa. Kafin ki biya kuɗin kyamara, ki tabbatar da inda za a wanke fim. Yawancin gidajen wankin hoto sun koma bugawa daga waya da kati. Ki tambaye su a fili: kuna wanke fim mai launi, wato C-41? Kuna wanke baƙi da fari? Kuna yin sikanin ku turo a waya? Kuna mayar da negetif? In babu a kusa, a nemi inda ake aikawa a wani gari, a san kuɗin zuwa da dawowa. Shawarata kada kyamara ta cinye fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin da kika ware, sauran na fim da batir da wanki ne.

Fim kam ana yin sa har gobe. Wanda kike nema shi ne 35mm, a kwalinsa za ki ga 135, da 24 ko 36, adadin hotuna ke nan. Kada ki sayi 120, na wasu manyan kyamarori ne. Haka nan duk kyamarar da aka rubuta APS ko 126 a jikinta a guje ta komai kyanta, an daina yin fim ɗinsu. Na launi, Kodak Gold 200 ko ColorPlus 200 sun dace da rana, Ultramax 400 don inuwa da yamma. Portra 400 ya fi tausasa launin fata, amma tsadarsa ta sa bai dace da naɗin gwaji ba. Na baƙi da fari, Ilford HP5 Plus ko Kentmere 400. Akwai Ilford XP2 Super, baƙi da fari ne amma da maganin masu launi ake wanke shi, yana da amfani in wurin da kika samu C-41 kaɗai suke yi. Naɗi uku sun isa farawa. A duba ranar ƙarewa a kwali, wanda ya wuce lokaci ba na koyo ba ne, domin in hoto ya lalace ba za a san laifin wa ba.

Zafi shi ne babban abokin gabar fim a wajenmu. Wuni ɗaya a cikin motar da aka rufe a bazara yana iya juya launinsa. A sa shi a firji cikin robarsa da leda mai zif, a fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa. Ita kyamarar kuma ba a sa ta a firji. Da damina kada a kulle ta a jakar fata a ƙasan akwati, duhu da laima su ne abincin fumfuna. A ajiye ta inda iska ke ratsawa, ko a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima irin na kwalin sabon takalmi. Da hunturu a rage canza gilashi a waje, a hure ƙura da robar hura iska kafin a sa kyalle, in ba haka ba yashin ne zai karce gilashin. In ɗan saƙo ne zai taho da fim a jirgi, ya riƙe shi a jakar hannu, kada ya shiga babban akwati, kuma ya roƙi a duba shi da hannu, musamman inda ake da sabbin na'urorin CT, waɗanda wucewa ɗaya ke iya ɓata shi.

In wurin wanki ya gagara, baƙi da fari ana wanke shi a gida, ba sai da ɗakin duhu ba. Ana buƙatar baƙar jaka mai hannuwa biyu, tankin Paterson da faifansa, ma'aunin zafi, kofin awo, da magani biyu: ID-11 na gari mai fito da hoton, da Ilford Rapid Fixer, wato fiksa, mai tabbatar da shi. A cikin jakar ake naɗa fim a faifai a rufe tanki, sauran aikin a haske ne. Faifan ya bushe ƙayau, kuma a yi sauri, domin gumin hannu yana sa fim ya cije a hanya. Naɗi ɗaya yana cin mililita 290. HP5 Plus a ID-11 da aka gauraya rabi da rabi da ruwa yana ɗaukar minti 13 a digiri 20. Ruwan famfo a bazara ya wuce haka nesa, sai a sanyaya da ƙanƙara zuwa 24 a ba shi wajen minti 9. A kifa tankin a miƙe sau huɗu a farkon kowane minti, a ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki fim. A zubar, a ɗauraye, a zuba fiksa, kashi 1 cikin ruwa kashi 4, minti 5. Sannan ruwa sau uku: kifawa 5, sai 10, sai 20. Duk ruwan su kasance kusa da juna a sanyi, in aka tashi daga mai sanyi zuwa mai zafi fuskar fim ɗin tana iya yamutsewa. Ruwan burtsatse yakan bar farin tabo in ya bushe, don haka ɗaurayar ƙarshe a yi ta da tataccen ruwa. A shanya a banɗaki, a fara yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a rufe ƙofa.

Mai launi ma ana yi a gida, amma yana son digiri 38 cif na minti 3 da daƙiƙa 15, wannan sai hannu ya faɗa.

Mai Gyaran Kyamara

Hajiya, tunda akwai sauran lokaci kafin biki, a saye ta da wuri a sa mata naɗi ɗaya mai 24 a gwada, a wanke, kafin a naɗe ta a takardar kyauta. A ɗauki 'yan hotuna a 1/1000, wasu a 1/60, sannan a bar ta a rana minti biyu a tsakiyar naɗin don a ga ko haske na kutsawa. In akwai matsala, lokacin mayarwa ko gyara bai wuce ba.

Kuma a nuna masa abubuwa biyu ranar da za a ba shi. In ya sa fim ya rufe, ya juya kunnen naɗewa a hankali har ya ji ya ɗan yi tauri, sannan ya ja hannu yana kallon kunnen: in yana juyawa fim ya kama, in ya tsaya cak harshen fim ɗin ya suɓuce, zai yi ta ɗauka a banza lamba tana tafiya. In kuma ya kai ƙarshe ya ji hannun ya cije, kada ya ja da ƙarfi, fim zai tsinke. Akwai ɗan maɓalli a ƙarƙashin kyamarar, ya danna shi tukuna, ya naɗe ta inda kibiya ta nuna har ya ji kunnen ya saki yana juyawa ba nauyi, sannan ya buɗe ƙofa, a inuwa.